Koren Kati, Farin Kati

Sanarwar da ofishin rajistara ya liƙa a allon sashe ba ta da tsawo. Duk malamin da wa'adinsa ya cika bai kammala digirinsa na uku ba, ƙarshen wannan zangon karatu shi ne ƙarshen aikinsa a jami'ar. A sashen nazarin halayyar ɗan Adam mutum ɗaya maganar ta shafa, kuma har masu shara sun san ko wane ne. Abokan aikinsa sun daɗe da raɗa masa suna Saura Ƙiris, domin amsarsa ke nan duk sa'ad da aka tambaye shi labarin kundinsa. A gida kuwa Auta ake ce masa, duk da 'ya'yansa huɗu da furfurar da ta fara ɓullo masa a gemu.

A wannan karon da gaske saura ƙiris ɗin ne. Ya gama gwajinsa, amsoshin mutum tamanin suna cikin kwamfuta, abin da ya rage shi ne lissafi da babi biyu na ƙarshe.

Asalin aikin na yayarsa ne. Ita ce babbar nas a sashen gashin ƙashi na wani babban asibiti, inda ake kawo masu shanyewar ɓarin jiki don motsa gaɓɓai. Ta lura cewa masu kawo marasa lafiyar, mata da 'ya'ya da wani sa'in mazaje, su ma suna lalacewa a hankali. Suna ramewa, ba sa barci, wasu sai an same su suna kuka a bakin famfo. Sai ta share wani ɗaki a ƙarshen baranda, inda a da ake jibge karyayyun kekunan marasa lafiya, ta jera kujerun roba, ta riƙa tara su sau ɗaya a mako. Ana koya musu yadda ake juya mutum a gado ba tare da mai juyawar ya ji ciwon baya ba, da yadda ake buɗe baki a ce wa dangi su karɓi jinyar ko ta wuni ɗaya ce, sannan kowa ya faɗi abin da ke cin ransa. Ita ta yi jinyar mahaifiyarsu da irin wannan ciwon har ta rasu, lokacin Auta yana makarantar kwana.

Shugaban asibitin yana son ɗakin, domin sashen magani na kukan rashin wurin ajiya. Ya ce da ita idan taron yana da amfani a kawo masa hujja a rubuce, shi ba ya aiki da labarin wance ta yi kuka ta ji sauƙi. Ita tana neman hujja, ƙanenta yana neman abin da zai rubuta kundi a kai. A haka aka haɗu.

Tsarin gwajin ba shi da wuyar ganewa. Rukuni biyu ne, babu wanda zai shiga duka biyun. Mutum arba'in za su fara zuwa taron nan take har tsawon makonni shida, arba'in kuma za su jira, da alkawarin za a ba su nasu bayan an gama. A ƙarshe kowa zai amsa tambayoyi iri ɗaya masu auna nauyin damuwa, a fitar da matsakaicin makin kowane rukuni, a ga ko akwai bambanci. Sharaɗin guda ɗaya ne: ƙuri'a ce za ta raba mutanen, babu ruwan kowa da wanda ya faɗa ina.

A tsarinsa na farko Auta ya so a auna kowa sau biyu, kafin a fara da bayan an gama. Farfesan da ke duba aikinsa ya soke awon farkon.

"Ka tambayi mutum abu ɗaya sau biyu, a karo na biyu amsarsa ta farko yake ƙoƙarin tunowa," in ji Farfesa. "Kuma tsoron me kake ji? In dai ƙuri'a ce ta raba su, mai babbar damuwa da mai ƙarama za su watsu ko'ina daidai. Aikin ƙuri'a ke nan, Malam."

Auta bai yi gardama ba. Gyaran ya rage masa rabin wahala.

Ya sa kwamfuta ta cakuɗa jerin lambobi tamanin, ya yanka koren kati arba'in na masu shiga da farin kati arba'in na masu jira, ya saka kowanne a ambulan mai ruwan ƙasa, ya liƙe, ya rubuta lamba a baya. Ya kai wa yayarsa a kwalin takalmi.

"Yaya, lamba bayan lamba. Duk wanda ya shigo ya yarda ya sa hannu, ki ɗauki ta sama ki buɗe a gabansa. Don Allah kada ki tsallake ko ɗaya."

"Auta, tun kana fitsarin kwance nake raba magani a asibiti. Ambulan ce za ta gagare ni?"

Ranar da ya zauna lissafin yana ofishin da suke rabawa su uku, tsakanin tulin takardun jarrabawar da ba a duba ba da fankar da ke juyawa ba ta ba da iska. Kwamfutar ba ta ɓata lokaci ba. Matsakaicin makin damuwar masu koren kati ya ɗara na masu fari da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, irin bambancin da kan faru ko ba a yi wa kowa komai ba. A taƙaice, gwajin bai nuna taron ya rage wa kowa damuwa ba.

Abin bai girgiza shi sosai ba. Shi da kansa yana gaya wa ɗalibai cewa rashin samun bambanci ma sakamako ne, ana cin jarrabawa da shi in dai tsarin gwajin ya tsayu. Tunaninsa yana kan yadda zai tari yayarsa da labarin, lokacin da ya buɗe jadawalin farko na babi na huɗu, wanda ake kwatanta rukunonin biyu a cikinsa don a nuna sun yi kama tun daga tushe. Shekarunsu sun yi kusa. Yawan mata da maza ya yi kusa. A layi na biyar, inda aka tambayi ko mara lafiyar yana iya tashi da kansa, talatin da ɗaya daga masu koren kati sun ce ko juyi sai an yi masa. A masu farin kati tara ne kawai suka ce haka.

Ya sake lissafawa da hannu. Lambobin ba su canza ba. Ya san ƙuri'a takan karkata kaɗan, ya kuma san ba ta karkata haka.

"Yaya dai, Saura Ƙiris?" in ji abokin zamansa daga ɗaya teburin. "Kamar wanda aka miƙa wa takardar sallama tun yanzu."

"Lafiya lau," ya ce, ya rufe kwamfutar.

Ya sami yayarsa a ofishinta bayan an sallami masu zuwa gashi. Tebur ne mai gilashi a sama, da ma'aunin nauyi a lungu, da fitilar duba hoton ƙashi maƙale a bango. Tana cire takalmi tana matsa ƙafarta da ta kumbura.

"Yaya, yadda na ce haka kika yi da ambulan ɗin nan?"

"Ba gaisuwa? Ɗaya bayan ɗaya. Ga kwalinka can, ka duba."

"Ba ki tsallake ba?"

"Ban tsallake ambulan ko ɗaya ba." Ta cire tabarau ta ajiye. "Mutane na tsallake."

Ba ta jira ya tambaya ba. Ta miƙe ta kunna fitilar bangon, ta zaro wata ambulan daga cikin waɗanda aka buɗe aka mayar kwalin da katinsu, ta ɗora a kan farin hasken. Katin da ke ciki ya fito sarai, duhunsa ya nuna kore ne. Ta ce kowace safiya takan haska biyar ko shida na sama, ta riƙe jerinsu a kai, sannan ta leƙa bencin masu jira ta san wanda za ta fara kira.

"Akwai wata mata mai goyo, wadda ko ruwa mijinta zai haɗiya sai an tallafe masa kai. Ranar da ta zo ta ce mini ta tsaya a bakin titi tana kallon manyan motoci, tana tunanin abin da ba na son maimaitawa. Ambulan ta sama fara ce. In buɗe in ce mata baiwar Allah, ƙanena yana digiri, ki je gida ki dawo bayan mako shida? Na ce ta ɗan sha iska a waje. Na kira wani ɗan kasuwa mai 'ya'ya manya da 'yar aiki, ya ɗauki farin, har godiya ya yi an rage masa zirga-zirga. Ta gaba kuwa kore ce, na kira ta."

"Sau nawa kika yi haka?"

"Duk lokacin da ya kama."

Auta ya zauna a kujerar marasa lafiya. "Kin kashe aikin, Yaya."

"Na kashe me? Arba'in-arba'in ka ce, arba'in-arba'in ka samu."

"Kin kwashe duk masu nauyin kaya kin tara gefe guda, sannan aka ce in auna in ga wane gefe ya fi hutawa. Kin san abin da ya fito? Babu bambanci. A takarda taronki bai yi wa kowa komai ba."

Ta tsaya tana kallonsa, tana juya maganar. Ba ta da jinkirin fahimta.

"To ai ka faɗa da bakinka. Waɗanda suka fi kowa shiga uku, a ƙarshe sun zo daidai da masu 'yar aiki. Wannan ba aiki ba ne?"

"Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa ma babban aiki ne. Amma ban auna su a farko ba, ban san daga inda suka taso ba."

"Ni na sani."

"Ke ba ma'auni ba ce, Yaya."

"A'a? To wa ya hana ka aunawa a farko? Shi ma ni ce?"

Ya ce da ta gaya masa, da sun cire irin mai goyon daga gwajin gaba ɗaya, ta saka su a taron ba tare da sun shiga lissafi ba, sauran kuma ƙuri'a ta raba su. Ana yin haka, akwai shi a littattafai.

"Da ka faɗa," in ji ta. "Kai ne mai littattafan. Kwali ka kawo mini ka tafi, ko wuni ɗaya ba ka zauna a kan bencin can ka ga waɗanda kake rabawa ba." Ta kashe fitilar. "Ka rubuta yadda aka yi. Ni ban ji kunyar abin da na yi ba. Ka rubuta cewa mafi wahala ne suka shiga, kuma ga inda suka tsaya. Shugaba zai gane."

Ofishin Farfesa yana da na'urar sanyaya ɗaki da kafet da hotunansa sanye da rigar yaye ɗalibai. Ya karanta jadawalin, ya saurari labarin fitilar har ƙarshe, sannan ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa ya sani?"

"Ni da ita, ranka ya daɗe. Yanzu da kai."

"Me kake so ka yi?"

Auta ya ce yana so ya faɗi abin da ya faru, ya daina kiran aikin gwajin ƙuri'a, ya yi amfani da lissafin da ke cire tasirin tsananin ciwon daga sakamakon, ya ga abin da zai rage.

Farfesa ya yi ɗan murmushi. "Za ka cire tsananin ciwo. Madalla. Karayar zuciya fa? Yayarka da ido take zaɓe, wanda ta ga ya fi karaya shi take ba kore. A wane layi ka rubuta karaya? Ba ka da awon farko, ba ka da abin da za ka cire." Bai ambaci wanda ya soke awon farkon ba, Auta ma bai tuna masa ba. "Na biyu, kan kundin da hukumar manyan digiri ta amince da shi gwajin ƙuri'a ya ce. In za ka canza sai ka koma gabansu, kuma ba za su sake zama ba sai bayan wa'adinka ya wuce. Na uku, kwamitin ɗa'ar bincike zai rubuta wa asibiti cewa ma'aikaciyarsu ta yi wasa da gwajin da aka sa wa hannu. Shekara nawa ya rage mata ta yi ritaya?"

"Biyu."

"To."

Ya jawo jadawalin gabansa, ya ɗauki biro, ya ja layi siriri a kan layi na biyar.

"Ni ban ce ka yi komai ba. Jadawalin ya yi tsawo, abin da na gani ke nan. Kuma ka kwantar da hankalinka, ba ka ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba. Masu ha'inci bambanci suke ƙirƙirowa don a tafa musu. Kai babu ka samo. Wa zai tuhumi wanda ya dawo hannu Rabbana?"

"Za su rufe ɗakin, ranka ya daɗe. Da wannan sakamakon za su rufe shi."

"Ɗaki ne mai kujerun roba, Malam. Kai kuma makullin ofis za a karɓa, da na gidan ma'aikata da kake ciki da iyalinka. Kuma ka sani, ko da ƙuri'ar ta tafi daidai, babu wanda ya yi maka alkawarin taron zai nuna wani abu. Yawancin irinsa ba sa nunawa."

Wannan gaskiya ne, Auta ya san gaskiya ne, ya kuma riƙe shi da hannu biyu har ya isa gida.

Ya tarar da matarsa tana gugar kayan makarantar yara a kan teburin cin abinci. Ya gaya mata komai a tsaye. Ba ta ɗago daga gugar ba sai da ya kai ƙarshe.

"Ban gane abin da kake tambaya ta ba, Baban yara."

"Ba tambaya nake ba. Gaya miki nake."

"To na ji. Yaya ta ɗaga ambulan a fitila, mu kuma a fitar mana da katifa waje." Ta juya wuyan riga ta danna. "Ita gidanta nata ne, 'ya'yanta sun kama aiki. Ina girmama ta, Allah ya sani, ita ta riƙe ka. Amma tausayin da ta yi da aikinka ta yi shi, ba da nata ba. Ta tambaye ka kafin ta yi?"

"Mutanen suna bukatar taron."

"Su huɗun nan da ke wasa a waje fa, ba mutane ba ne? In aka kore ka a wannan shekarun, wace jami'a ce za ta ɗauki wanda aka sallama don ya kasa gamawa? Ko kana so a ci gaba da kiran ka da sunan nan har a wurin ɗaurin auren 'yarka?"

Washegari a ofis ya buɗe babi na huɗu ya goge layi na biyar. Jadawalin ya haɗe kansa kamar layin bai taɓa zama a wurin ba. A babi na uku akwai jimlar da ya rubuta tun kafin a fara gwajin: an raba mahalarta ta hanyar ƙuri'a, da rufaffun ambulan masu lamba, waɗanda aka buɗe bi da bi. Ya karanta ta sau biyu. Bai ƙara mata komai ba, bai kuma rage ba.

Yayarsa ta kira shi sau da yawa a makonnin da suka biyo. Wani lokaci ya ce yana aji, wani lokaci ya ce ana kan gyara.

Wadda aka gayyato daga wata jami'a don ta jarraba shi dattijuwa ce da aka sani da mayar da ɗalibai baya. Ta riƙe shi a kan yadda ya fassara tambayoyin awon, ta kama masa kurakuran rubutu, ta tambayi dalilin da ya sa ba a auna mutanen a farko ba. Farfesa ya riga shi amsawa, da bayanin da ya taɓa yi masa kusan kalma da kalma, ta gyaɗa kai ba tare da ta nuna ta gamsu ba. A ƙarshe ta ce abu biyu sun burge ta. Na ɗaya, ɗalibin bai ji tsoron kawo sakamakon da ba ya so ba. Na biyu, tsarin ambulan ɗin, wanda ta ce ya kamata a riƙa nuna wa masu tasowa. An ba shi digirin da sharaɗin ƙananan gyare-gyare.

A baranda abokan aikinsa suka yi masa caa. "Ƙiris ya cika! Jama'a, ƙiris ya cika!" Abokin zamansa na ofis ya ce yanzu sai an nemo masa wani sunan, don wannan ya mutu. Kafin ƙarshen zangon rajistara ya aiko da takardar tabbatar da shi a aiki.

Saura abu ɗaya. Cikin sharuɗɗan da asibitin ya gindaya kafin ya ba da izinin gwajin, akwai cewa mai binciken zai zo da kansa ya gabatar wa kwamitin gudanarwa abin da ya samu.

Yayarsa ta tare shi a ƙofar ɗakin taron kwamitin, sanye da fararen kayan aiki da aka yi wa guga sosai, riƙe da jakarta a gaba.

"Barka da arziki. A bakin matarka na ji."

"Na so in zo, Yaya."

"Ka rubuta?"

"Na rubuta abin da zai wuce."

Ta dube shi. Ya rage murya ya ce mata yanzu maganar ta wuce ta aiki. In ta fito, digirin za a ƙwace, a buga sunansa, kuma babu inda zai sake koyarwa. Ya faɗi haka yana kallon agogon hannunsa. Sakataren kwamitin ya leƙo ya ce su shigo.

Mutum bakwai ne a kewayen dogon tebur, da robobin ruwa a gabansu. Auta ya haska hoton ginshiƙai biyu masu nuna makin rukunonin a bango, kore da fari, kusan tsawonsu ɗaya. Ya yi bayani a tsanake, da kalmomin da aka saba.

"Wato da taron da babu duk ɗaya," in ji shugaban asibitin.

"Ba mu sami hujjar bambanci ba, ranka ya daɗe. Rashin samun hujja a gwaji ɗaya ba ya nufin lallai..."

"Na gane, Dakta. Ba ku samu ba."

Wani matashin likita a ƙarshen teburin ya ɗaga biro. Ya ce shi abin ya ba shi mamaki, domin yana ganin matan nan a sashen, kuma kamar suna canzawa. Ya tambaya ko an tabbata rukunonin biyu sun yi kama tun farko.

"Ƙuri'a ce ta raba su," in ji Auta. Ya haska jadawalin. Likitan ya karanta layukan da ke ciki, ya ajiye bironsa.

Shugaban ya juya. "Sista, ke kika riƙe ambulan ɗin, kuma taron naki ne. Akwai abin da za ki ƙara?"

Ta ɗora hannayenta biyu a kan jakar. Ta dubi ginshiƙan da ke bango, ta dubi ƙanenta, wanda ke gyara wayar kwamfutarsa da ba ta bukatar gyara. Sakataren ya ɗago daga rubutunsa.

"Babu, ranka ya daɗe."

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Ɗakin zai koma hannun sashen magani daga farkon wata. Da aka tambayi makomar arba'in ɗin da aka yi wa alkawari, shugaban ya ce ba daidai ba ne a ɓata wa mutane lokaci da abin da bincike ya nuna ba ya aiki, Sista ta sanar da su cikin ladabi. Ya gode mata bisa ƙoƙarinta na shekaru, ya gode wa Dakta bisa gaskiyarsa, aka wuce batu na gaba, wanda ya shafi injin wanki.

Ya cim mata a kan matakala.

"Yaya, ba ni da zaɓi."

"Kana da shi, ka kuma yi." Ba ta ɗaga murya ba. "Ni ma yanzu a ciki aka ba ni, na yi. Kai na ɗauka. Kada ka yi zaton na ji daɗinsa."

"In na zauna da gindina zan sake tsara wani. A auna farko da ƙarshe, a ba wani ambulan ɗin ya riƙe. Zan nemi..."

"A wane ɗaki?"

Ta gyara riƙon jakarta.

"Ka gaida yara," ta ce. "Kada ka zo gida kwanan nan. Ba fushi nake ba, ba na son ganin ka ne kawai."

Ta sauka tana dafa ƙarfen matakalar, ta bi baranda zuwa sashenta. Yana tsaye a wurin wani mai gadi ya hauro yana haki, ya tambaya ko shi ne Daktan da ya zo da farar mota, domin ta tare hanyar motar ɗaukar marasa lafiya. Ya ce shi ne. Ya lalubo makulli a aljihu ya bi mai gadin.